Ranar Da Aka Soya 'Yan Wasa

Duk wanda ya ce maka fim ɗin ban tsoro na ƙwari yana da wuyar tsarawa, bai taɓa zama ya kalli biyu a jere ba. Wata masana'anta ce za ta zubar da guba a rafi. Ƙwari su sha, su haukace. Wani masani mai tabarau ya ruga ofishin hukuma yana ihu a kwashe mutane, hukuma ta ce masa ya je ya huta, ga bikin 'yar shugaba ya matso. A yi biki, ƙwari su zo su ma su ci rabonsu. Shi kenan. Turawa sun yi da ƙudan zuma, sun yi da tururuwa, sun yi da kyankyaso, duk a tashoshin nan da ake kunnawa da rana tsaka in an rasa abin yi. Daraktanmu Badaruddeen da su ya girma, don haka ya ce lokaci ya yi da Bahaushe ma zai ji tsoron ƙwaro da harshensa.

Sai ya zaɓi fara.

Ni Kabiru, ni ne mai riƙe masa kamara. Ranar da ya faɗa min, na ajiye kofin shayina na ce, "Darakta, fara fa ka ce? Wadda mata ke tsayawa layi da yamma a ƙulla musu a leda?"

"Ai nan hikimar take," in ji shi. "Abin da kake ci, shi zai juyo ya cinye ka."

Na ce to, Allah ya taimaka. Wata tashar tauraron ɗan'adam ce ta ba da aikin, kuma abin da ta ware wa fim ɗin, in ka ji sai ka ɗauka tallan sabulu za a yi. Ni kuwa ina da iyali, ba na musu da aiki.

Amma ba don Badaruddeen nake ba da labarin nan ba. Don Baba Falalu ne.

In na ce Falalu ba lallai ka gane shi ba. In na ce Sululu, yanzu za ka fara murmushi, kuma matsalar kenan. Tun ina ɗan makaranta yake fitowa a maigadi wawa, wanda ake aika ya sayo gishiri ya dawo da siminti, wanda maigida ke kora da tsintsiya yana faɗawa kwata. Ya tsufa a cikin wannan rigar. Mutane ba sa jiran ya yi magana. Ganin fuskarsa kawai ya ishe su. A masallaci ma akwai waɗanda ba sa yarda su tsaya sahu ɗaya da shi, don kada sallarsu ta lalace.

Bara matarsa Khadija ta rasu. Ina wurin zaman makokin, a ƙofar gidansa da ke Tudun Murtala. Wata tawaga ta zo ta'aziyya, aka yi addu'a aka shafa, Baba ya buɗe baki zai ce ya gode. Leɓensa na ƙasa ya kama rawa, hawaye suka zubo. To haka leɓen nan yake rawa a fim in maigida ya kama shi da tukunyar miya. Wasu samari suka juya baya, kafaɗunsu na girgiza. Wani dattijo mai furfura ya fake da tari. Ban ga mugunta a zuciyar kowa ba, sabo ne kawai, amma wallahi ranar na ji na tsani garin nan gaba ɗaya.

Bayan an watse ya ce min, "Kabiru, abu ɗaya nake roƙon Allah. Kafin in bi ta, in yi kuka a gaban jama'a su yi shiru. Sau ɗaya tak."

Shi ya sa da Badaruddeen ya ba shi matsayin Farfesa, masanin ƙwarin da ba a saurara, ya karɓa hannu bibbiyu kamar an ba shi kujerar Makka. Darakta dai sunan Sululu yake so ya jawo masa 'yan kallo, kuma Baba ba ya tsada. Shi kuwa Baba ya ɗauki abin da gaske. Ya sayi tabarau da kuɗinsa. Ya haddace maganganunsa har da na abokan wasansa. Ya daina raha a wurin aiki, in yaran suka ce "Baba Sululu" sai ya yi kamar da bango suke. Sharaɗi ɗaya ya kafa. A ƙarshen fim fara za ta rufe Farfesa ta cinye shi yana kan gargaɗin mutane, kuma Baba ya riga ya ga farar da mai tace mana fim ya zana a kwamfuta, wadda ta yi kama da an watsa wa gilashin talabijin riɗi. Ya ce shi ba zai mutu a hannun riɗi ba. Fara ta gaske yake so, mai rai, mai tsalle.

Darakta ya yarda. Ya samo wani mutum a Maigatari da ke kama fara da sassafe, lokacin da sanyi ya ɗaure mata fiffike, mutumin ya yi masa alkawarin buhu guda cike.

Sauran gida. Farfesa ba zai mutu a lungu ba, gidan manya ake bukata, mai bene da fili. Badaruddeen kuwa yana auren Najla, 'yar Alhaji Lawan, tsohon babban sakatare, mai gida a Nassarawa GRA. Irin tsofaffin gidajen nan ne masu darbejiya da mangwaro, wanda daga get zuwa ƙofar falo za ka iya canza shawara sau biyu. Najla ce ta roƙi mahaifinta, ya ce zai yi tafiya Abuja ƙarshen mako, a yi a gama kafin ya dawo, kada ya tarar da ko waya ɗaya a ƙasa.

A nan sai na gaya maka wani abu game da daraktanmu. A wurin aiki zaki ne. Yana da wata tsawa da ke sa mai riƙe fitila ya manta sunansa. Amma da zarar ya taka gidan surukansa, sai ya koma abin tausayi. Tun daga baranda yake cire takalmi. Ba ya zama a kujera, a bakin ƙofa yake tsugunawa, ido a kafet. Shekarun da ya yi da auren Najla, ban jin surukarsa Hajiya Binta ta taɓa jin wata kalma daga bakinsa bayan "to" da "na gode" da "ba komai". Ita ma ba ta kama sunansa, Baban Usaid take ce masa, da sunan ɗansu na fari.

Ranar Juma'a fara ta iso Kano a motar haya. Najla ta rantse buhun da ke motsi ba zai kwana a gidanta na Kawaji ba, don haka Darakta ya ce wa direban ya wuce da shi GRA kai tsaye, tunda gobe can za a yi aiki. Niyyarsa ya kira Garba maigadi ya ce a ajiye a gareji. Sai rigimar janareto ta ɗauke masa hankali, bai kira ba.

Direba ya isa get, ya ce wa Garba, "Saƙo ne daga surukin gidan."

To a gidan mutunci, buhu ya shigo daga hannun suruki, wa zai tsaya tambayar na mene ne? Garba ya kinkima ya kai cikin gida. Hajiya Binta kuwa 'yar Gumel ce, da fara ta girma. Shekara da shekaru tana zaune a GRA tana cin ganyen salak da cokali mai yatsu, ba wanda ya taɓa tunawa da ita. Ta sa aka kwance bakin buhu, ta leƙa, ta ga abu yana tsalle ƙato-ƙato, sai da ta yi ƙwalla. Ta ba direba tukwici mai kauri. Ta tara masu aikin gidan, aka ɗora ruwan zafi, aka zauna cire fiffike da ƙafafu. Ita da kanta ta tsaya kan suya, da yajin da ta daka da hannunta, da albasa, da lemon tsami. Kafin la'asar kwanuka masu murfi sun zaga layin nan kaf, gidan alƙali, gidan likita, gidan tsohon kwamishina, kowanne da saƙo ɗaya: tsarabar Baban Usaid ce, a sa masa albarka.

Mu duk ba mu san wainar da ake toyawa ba. Asabar da hantsi muka iso a bas da kayan aiki. Tun daga get na ji ƙamshi, cikina ya gane kafin kaina ya gane.

Garba ya ce Hajiya na kiran Darakta. Na bi shi don in gaishe ta, muka tsuguna a bakin ƙofa.

"Baban Usaid, sannu da ɗawainiya," in ji ta, fuskarta cike da fara'a. "Allah ya yi albarka, Allah ya ba ka masu yi maka. Rabona da fara mai ƙiba irin wannan tun ina gidanmu. Har da ranta ka sa aka kawo, don ka san ta fi daɗi. Kai, wannan yaro akwai hankali."

Na saci kallon Darakta. Bakinsa ya buɗe, ya rufe. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ina jira in ji tsawar nan da muke sha kullum.

"Ba komai, Hajiya," in ji shi.

"Ai da komai. Duk unguwa an ci an yi maka addu'a. Ga taku nan na ware muku, kai da abokan aikinka, kada ku yi aiki da yunwa."

Aka turo mana wani ƙaton baho, cike fal, ja wur, yana ƙyallin mai.

"Na gode, Hajiya."

Muka ɗauko bahon mu biyu, kamar masu ɗaukar gawa, muka zagaya bayan bishiyar mangwaro. Can ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Na ce, "Darakta, ka koma ka faɗa mata mana."

"In ce mata me? In ce Hajiya kin soye min 'yan wasa?"

Ya kira Najla. Ina jiyo ta ta waya, ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta dawo hayyacinta ta ce duk wanda ya kuskura ya faɗa wa Umma, ita ba ta san shi ba duniya da lahira. Ya kira mutumin Maigatari, mutumin ya ce sanyi ya ja baya, fara ta tashi, sai dai baɗi in da rai. Alhaji na dawowa jibi. Tasha ta riga ta fara tallan fim. Kafin ya gama wayoyin nan ma yaranmu sun rage wa bahon tsawo, sai da ya daka musu tsawar da ya hana surukarsa.

Baba Falalu na zaune a kan kujerar roba, sanye da farar rigar Farfesa da tabarau. Aka ajiye bahon a gabansa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Darakta, ba su da fiffike."

"Za mu ƙara magana ɗaya, Baba. Ka ce gubar ta sa sun daina bukatar fiffike."

"Kuma ja ne."

"Jinin mutane suka sha."

Baba bai yi dariya ba, kuma shi kaɗai ne bai yi ba. Ya juyo gare ni. "Kabiru, in ka matso da kamara kan fuskata sosai, ba za a lura da su ba, ko?"

"Fuskarka za a kalla, Baba," na ce masa. A lokacin har ni na so in yarda da hakan.

Bayan azahar Hajiya ta fita walima, muka samu sarari. Yara biyu suka hau bene da bahon. Aka jona babbar fanka a gefe don farar ta riƙa zuwa a karkace, kamar mai tashi. Sai aka yi wata doguwar muhawara, don mai fitila ya ce shi ba za a zubar da abinci a ƙasa a gabansa ba, haramun ne, kuma kowa ya goya masa baya. Dole aka shimfiɗa tabarmi da leda ƙarƙashin Baba, inda kamara ba ta gani. Wato dodannin namu ma an tanadar musu wurin sauka mai tsafta.

Darakta ya ba da umarni, aka fara zubowa.

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa shi ne yaji. Hajiya Binta ba ta daka yaji da wasa. Fanka ta kwashe shi ta watsa wa Baba a ido, ta ƙarƙashin tabarau. Na ga ya ƙifta, na ga idon ya kaɗa ya yi ja. Na ɗaga hannu zan ce a tsaya, ya yi min wata 'yar alama da yatsa, kada in kuskura. Ya ci gaba. Ya ɗaga hannuwa sama yana kiran mutanen gari su rufe tagogi, su ɗauke 'ya'yansu, yana cewa ya faɗa musu, ya je ofis-ofis ya faɗa musu, ba wanda ya saurare shi. Muryarsa ta karye. Ya durƙusa. Yaji ne ya buɗe ƙofar hawayen, amma abin da ya biyo baya ba na yaji ba ne. Ni da na zauna a ƙofar gidansa bara, na san daga ina ya fito. Na yi shekaru ina ɗaukar mutane suna kukan ƙarya da man zafi a ƙasan ido, ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi a bayan kamara ba sai ranar.

A bayana kuwa, ƙurus-ƙurus kake ji. Yaran sun tsuguna gefen tabarma suna tsince dodanni suna aikawa ciki. Wani ya toshe baki da hula yana dariya. Da Darakta ya ce an gama, Baba ya tashi yana lalube, ido a kumbure, ya ce, "Kabiru, ya yi?"

"Ya yi, Baba."

"Ban ji an yi shiru ba."

"Yara ne. Ka bari manya su gani."

A wurin tacewa aka danne ƙarar taunar da kiɗa mai firgitarwa. Na nuna wa Darakta wani yankin albasa da ya sauka a kafaɗar Farfesa ya zauna daram har ƙarshen mutuwar. Ya ce ba wanda zai lura, hankalin mutane na kan tsoro.

Tasha ta sa fim ɗin wata Asabar bayan la'asar. Mu da mun so kowa ya kalla a gidansa, ya ji da abin da ya gani. Ina! Hajiya Binta ta ce fim ɗin da aka yi a gidanta, na surukinta mai hankali, ai sai an taru. Ta gayyaci unguwa. Babban falon nan ya cika, maza a gefe ɗaya tare da Alhaji Lawan, mata a ɗaya gefen, turare na tashi, ana zagayawa da lemo da cincin. Darakta ya tsuguna a wurinsa na bakin ƙofa. Baba Falalu ya zo cikin babbar riga fara ƙal, da hula zanna a daidaice, ya zauna kusa da ni a can baya. Ban taɓa ganin sa da kwarjini haka ba.

Fitowarsa ta farko a allo, falo ya ɗauka, "Laa, Sululu ne!" Ya ce guba ta shiga rafi, aka yi dariya. Ya ce rayuka na cikin haɗari, aka tuntsire. Tsohon kwamishina har da buga ƙafa. Baba bai motsa ba. Ya raɗa min, "Bari a zo wurin."

Aka zo wurin. Kiɗa ya canza, sama ta yi duhu, abu ya fara zubowa kan Farfesa. Ni kuma, da na yi masa alkawarin matsowa, na matso sosai. Talabijin ɗin Alhaji kuwa irin mai cin rabin bango ce, ba ta ɓoye komai. Ga fara nan ja wur, tana ƙyalli, kowacce kamar ka miƙa hannu ka ɗauka.

Akwai wata maƙwabciya, Hajiya Raliya matar alƙali, wadda Allah bai halicce ta da ƙaramar murya ba. Ta gyara tabarau ta ce, "Ikon Allah! Binta, wannan ba farar da kika aiko mana ba ce? Ga albasarki nan a kafaɗarsa!"

Aka fara dariya, sai matar likita ta ce, ba da wata manufa ba, tunani ne ya kuɓuce mata a fili, "Au, to ashe ba tsaraba ba ce? Kayan aikin yaron nan muka cinye?"

Dariyar ta tsaya cak.

Kowa a falon nan ya ci farar. Kowa ya ji Hajiya Binta tana yabon surukin da ya tuna da ita, wasu sun ji fiye da sau ɗaya. Yanzu kowa ya gane a lokaci guda, ita ma ta gane tare da su. Na ga kofin da ke hannunta ya karkace, lemo na zuba a kan zanenta ba ta sani ba. Ta dubi bakin ƙofa inda surukinta yake, shi kuwa kansa ya kusa shigewa cikin kafet. Alhaji Lawan ya sauke tabarau ya dube ta ta samansa. Mace ce mai shekaru, mai girma a unguwa, wadda ake zuwa neman shawara wurinta, ga ta a tsakiyar falonta ta rasa inda za ta sa fuskarta. Matan suka sunkuyar da kai. Mazan suka rasa inda za su kalla, sai suka kalli talabijin.

A talabijin kuwa Farfesa ya durƙusa. Muryarsa ta cika falon, tana cewa ya faɗa musu, ba wanda ya saurare shi. Ba tari, ba motsin kofi. Fuskar Baba ta cika bango, leɓen na rawa, hawaye na gudu, manyan Nassarawa sun zuba mata ido ba wanda ya ko murmusa. Na juyo na dube shi. Bakinsa a ɗan buɗe, idonsa na yawo daga wannan fuska zuwa waccan, yana kallon mutane suna kallon kukansa. Abin da ya roƙa kenan. Na ji daɗi, na ce a raina, Allah ka tsawaita masa.

Sai idonsa ya sauka kan Hajiya Binta. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kafaɗarta ta fara rawa, kuma ba ta dariya ba ce.

Na ji ya ja dogon numfashi. Na kama gefen rigarsa, na ce, "Baba, zauna. Saura kaɗan a gama." Ya zare hannuna a hankali.

Ya miƙe. Ya sa yatsa ya ture hular nan ta karkace zuwa kunne. Ya saki kafaɗa ɗaya, ya turo ciki, ya tattaro babbar rigar ya cusa a hammata kamar mai shirin tsallake kwata. Kafin ya kai tsakiyar falo, dattijon da ya shigo ɗazu ya ɓace.

"Hajiya!" ya ƙwala da muryar nan tasa ta hanci. "Ki daina rufa min asiri, a bar ni in faɗi gaskiya! Jama'a, ni ne. Ni na zagaya kicin na roƙe ta. Na ce wa Darakta, ni Sululu, ba zan yi wasa da abokin aikin da bai ji mai da yaji ba. Su cinye ni a banza? Ina! In za su ci ni, ni ma sai na ɗanɗana su. Sauran da muka rage ne ta rarraba muku, don kada a ce ni kaɗai na ci amanar 'yan wasa!"

Ya lashi yatsa, ya yi wani tsalle ya faɗi zaune a kan kafet.

Falo ya fashe. Irin dariyar nan ce ta mutanen da aka ciro daga rami, kowa ya ƙara mata ƙarfi fiye da yadda ta cancanta. Hajiya Raliya ta riƙe ciki tana cewa a taimaka mata. Tsohon kwamishina ya zame daga kujera. Hajiya Binta ta sauke mayafi tana dariya tana share ido, tana cewa, "Kai, Malam Falalu, Allah ya shirye ka," amma kallon da ta yi masa ba na dariya ba ne. A bango Farfesa ya ƙarasa mutuwarsa, ba wanda ya gani.

Alhaji Lawan ya mayar da tabarau, ya juya bakin ƙofa. "Ashe na barkwanci ne. Shi ya sa. To ai ya yi kyau, Badaru."

"Na gode, Alhaji," in ji Darakta.

Aka yi ta ɗaukar hoto da Sululu. Kowa so yake ya sake karkata hular, ya sake faɗuwa, ya kuwa yi musu. Sai da magariba ta matso muka samu muka fito. Na ce zan kai shi gida a babur ɗina. Muka taka doguwar hanyar nan zuwa get, ƙarƙashin darbejiya. Haushi nake ji, na rasa na wa: na Hajiya Raliya, ko na Darakta, ko na hannuna da ya matso da kamara. Shi kuwa ya tsaya ya daidaita hularsa, ya sauke rigar ya kakkaɓe ta.

"Kabiru."

"Na'am, Baba."

"Ka ji shirun nan?"

"Na ji."

"Na san na Hajiya ne." Ya ci gaba da tafiya. "Amma da suka juya suna kallon talabijin ɗin... kana ganin a ciki akwai ɗan rabona?"

Na ce, "Akwai, Baba."

"Ko kaɗan ne?"

"Da yawa ma."

Ya gyaɗa kai. Garba ya buɗe mana get, ya dubi fuskar Baba, ya kama dariya.